Kada Ka Sayi Ranar Da Ba Ta Hannunka

Ɗana, idan Allah ya hore maka har ka yi niyyar ɗaukar iyalinka ku tafi hutu Dubai, ko Paris, ko Orlando ta Amurka, don yara su shiga manyan wuraren wasan nan da suke gani a talabijin, ni ba zan hana ka ba. Faranta wa iyali aikin lada ne, kuma yaron da mahaifinsa ya riƙe hannunsa ya nuna masa duniya ba ya mantawa har tsufansa. Abu guda nake so ka riƙe daga gare ni. Tikitin shiga wurin wasan shi ne abin da za ka saya a ƙarshe, bayan duk sauran al'amuran tafiyar sun tabbata. Kafin wannan lokaci, ka riƙe kuɗinka, ka kuma riƙe bakinka a gaban yara.

Mu nan gida mun saba da biya a bakin ƙofa. Ranar yawon Sallah magidanci ya kwashi yara zuwa Gidan Zoo na Kano, ya bi layi, ya biya, su shiga. In baƙi sun cika gida ko hadari ya taso, sai a bari sai gobe, babu wanda ya yi asarar ko sisi. Waɗancan wuraren ba haka suke ba. A Walt Disney World da ke jihar Florida, tun watan Oktoba na 2018 aka ɗaure tikiti da kwanan wata: kai za ka zaɓi ranar da za ka fara shiga, farashin kuma yana hawa yana sauka gwargwadon cunkoson ranar. Ƙa'idarsu a rubuce take cewa ba a mayar da kuɗin tikiti, ba a kuma sauya sunan mai shi. Tikitin kwana huɗu yana da wa'adin kwana bakwai daga ranar da ka zaɓa. Idan wa'adin ya wuce ba ka taɓa shi ba, abin da za su yi maka shi ne su lissafa kuɗin a cikin wani sabon tikitin da za ka saya. Kuɗin yana wurinsu ke nan, aljihunka ba zai sake ganinsa ba. Kuma ba ƙananan kuɗi ake magana ba. Shiga na yini ɗaya ya haura dala 100 ga mutum guda, saboda haka gida mai mutum shida ya wuce dala 600, wanda a canjin shekarar 2024 ya doshi naira miliyan ɗaya, tun ba a sha ko ruwa a ciki ba.

A Disneyland ta Paris kuwa, tikiti mai kwanan wata ana iya soke shi a karɓi kuɗi muddin saura kwana uku ko fiye. Ka ga suna ɗaya, doka biyu. Don haka kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka game da inda ya je bara. Ka karanta sharuɗɗan wurin da za ka je, a ranar da za ka biya.

Yanzu ka zauna ka lissafa abubuwan da ke tsakaninka da ƙofar nan, ka ga nawa ne a hannunka. Na farko biza. A watan Oktoba na 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, ba a sake buɗewa ba sai a watan Yuli na 2024. A ƙarshen Oktoban 2022 kamfanin jiragen Emirates ya daina zuwa Najeriya, bai dawo ba sai 1 ga Oktoba, 2024. Ka ɗauka wani magidanci ya riga ya biya wa iyalinsa kuɗin shiga wurin wasan Motiongate ko Legoland na Dubai don hutun Disambar 2022. Wurin wasan a buɗe yake, lilo yana juyawa, shi ne dai babu hanyar da zai isa. A watan Yuli na 2025 ita ma Amurka ta rage yawancin bizar ziyara da take bai wa 'yan Najeriya zuwa ta wata uku, shiga sau ɗaya. Irin waɗannan hukunce-hukunce ba a shawara da kai kafin a yanke su. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka da kanta tana gargaɗin masu neman biza da kada su sayi tikitin tafiya sai bizar ta shigo hannunsu. In masu ba da bizar sun faɗi haka, kai wa ya ba ka tabbaci?

Sai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa. A tsakiyar watan Maris na 2020 annobar korona ta rufe Disney World, ba a fara buɗewa ba sai 11 ga Yuli. Disneyland ta California ta fi shekara a kulle, har zuwa 30 ga Afrilu, 2021. Guguwar Ian ta sa an rufe wuraren wasan Orlando a Satumbar 2022, guguwar Milton ta sake sa an rufe a Oktobar 2024. Lokacin guguwa a can yana kamawa daga Yuni zuwa Nuwamba, dogon hutun makarantunmu kuma a tsakiyarsa yake faɗowa. Amma ka lura da wani bambanci, don shi ne ƙashin bayan maganata. Idan su suka rufe ƙofa, sukan tsawaita wa'adi ko su yi wa mutane sauƙi, kamar yadda aka yi a lokacin korona. Idan kai ne ka kasa zuwa alhali ƙofar a buɗe take, asarar taka ce kai kaɗai.

Abubuwan da suka fi hana magidanci tafiya kuwa a cikin gidansa suke. Ranar Sallah sai an ga wata, sai mai alfarma Sarkin Musulmi ya sanar, kwana ɗaya kuma ya isa ya rikita lissafin wanda ya ɗaure kansa da kwanan wata. Makaranta tana iya ɗage jarrabawa. Shugabanka a wurin aiki yana iya janye hutun da ya yi maka alkawari da baki. Uwargida tana iya samun juna biyu, alhali yawancin manyan lilon nan an hana masu ciki hawa. Akwai tsohuwa a gida wadda jikinta yau da daɗi gobe babu. Akwai rasuwa, wadda ba ta sallama.

Har girman yaran kansa abin lissafi ne. A Disney World yaron da bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga, daga uku zuwa tara kuɗin yara, daga goma kuwa kuɗin manya. In tafiya ta ɗagu da wata shida, lissafinka na iya canzawa. Kuma a bakin kowane babban lilo akwai sandar awon tsayi. Ka hango ɗanka ɗan shekara huɗu ya jingina da sandar nan, ya ɗaga dunduniya, ya miƙe wuya iya ƙarfinsa, ma'aikaci ya ɗora hannu a kansa ya girgiza kai, yayyensa suka wuce ciki suna ɗaga masa hannu. Wani lokaci jinkirin shekara guda shi ya fi wa ƙaramin alheri. Ana rubuta tsayin da kowane lilo yake bukata, ka duba, ka auna 'ya'yanka a gida tun kafin ka fitar da kuɗi.

Na san abin da za ka ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, farashi kullum hawa yake, naira kuma sauka take. Gaskiyarka. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya ga wannan dole hankalinsa ya tashi. To amma shiri daban, ɗaure kai daban. Idan faɗuwar naira kake tsoro, ka tara kuɗin tafiyar a asusunka na dala. Can suna nan da sunanka, in tafiya ta yiwu ka biya, in ta fasa ka biya kuɗin makaranta da su. Dalar da ka mayar tikiti kuwa ta zama takardar da ba ta da amfani sai a ƙofa ɗaya, a mako ɗaya.

Game da rangwame, ka yi wannan lissafi mai sauƙi. Wanda ya rage maka kashi goma cikin ɗari don ka biya yau ba tare da damar sokewa ba, haɗarin fasa tafiyar ya sauke daga kansa ya ɗora maka, ragin kuma shi ne ladan ɗaukar. Sai ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: a cikin irin wannan tafiya goma, da biza ba ta fito ba, da hutu bai tabbata ba, guda nawa za su fasa? In amsarka ta wuce ɗaya, ragin bai biya ka ba. Araha ba ta ado. Za ka ga agogo ja yana ƙirga mintoci a fuskar wayarka da tsakar dare, ana ce maka saura kaɗan garaɓasa ta ƙare. An sa shi ne don ya hana ka tunani. Ka kife wayar ka kwanta, da safe ka yi shawara da uwargida.

Ga yadda za ka jera al'amarin. Ka fara da fasfo ɗin kowa, ka tabbatar kowanne yana da sauran aƙalla wata shida, don ƙasashe da yawa, har da Daular Larabawa, haka suke bukata. Sai biza, ta kowane mutum, a hannu. Sai takardar hutu a rubuce da jadawalin makaranta. Sai jirgi. Sai otal, ka zaɓi wanda ake iya sokewa ba tare da tara ba, ko da ya ɗan fi tsada. Bayan duk wannan ne za ka waiwayi tikitin wurin wasa. Wanda ya juya wannan tsari ya fara da tikiti, kamar wanda ya yanka ragon biki ne tun ba a sa rana ba. Ka duba lokacin ma. Dubai a Yuli da Agusta zafinta yana haura digiri 40, wurin shaƙatawarta na Global Village kuma ba ya buɗewa sai daga wajen Oktoba zuwa bazara.

Ranar biya, ka nemi amsar tambayoyi huɗu a rubuce: ana mayar da kuɗi, ana sauya rana, yaushe wa'adi yake ƙarewa, kuma wa za ka nema in matsala ta taso, wurin wasan ko ejan ɗin da ya sayar maka? Ka sayi kwanaki kaɗan, domin ƙara kwana ya fi rage shi sauƙi, yara kuma sukan gaji fiye da yadda iyaye suke zato. Ka saya daga wurin da kansa ko daga ejan sananne mai ofis da rasit. Ka guji masu tallar ragowar tikiti a Facebook da WhatsApp. A Disney World ana haɗa tikitin babba da zanen yatsansa a ƙofa, don haka ragowar kwanakin wani ba za su shigar da kai ba. In za ka yi inshorar tafiya, ka duba ko ta ƙunshi hana biza, don da yawa ba su ƙunsa ba.

Saura magana mafi nauyi. Asarar kuɗi ana mayar da ita, amma alkawari kaya ne. Ranar da ka nuna wa yara hoton tikiti a waya, washegari duk ajinsu ya sani. 'Yarka za ta rataye kalanda tana soke kwanaki da biro. In tafiyar ta rushe, kai za ka ce ƙaddara ce, ita kuwa abin da za ta riƙe shi ne Baba ya faɗa bai cika ba, ga kunyar komawa cikin ƙawaye. Ka yi shawarar da mahaifiyarsu tun daga farko, ita abokiyar sirrinka ce. Su kuwa yaran, ka bari sai abu ya kankama. In sun matsa da tambaya, ka gaya musu gaskiya: muna nema, bai tabbata ba, ku taya mu addu'a. Ka ce in sha Allah da zuciyar wanda ya san gobe ba tasa ba ce, su ma su koya daga bakinka.

Idan kuma ka riga ka saya, al'amura suka juya, to ka nemi masu wurin tun ranar ba ta zo ba, ka roƙi a ɗaga maka, ka adana duk wata shaida. Abin da ya kuɓuta ka gode wa Allah. Abin da bai kuɓuta ba ka bar shi ya tafi. Kada baƙin cikin dala ɗari shida ya sa ka ɗauki yaro da zazzaɓi ka hau jirgi, ko ka bar mahaifiyarka a gadon asibiti, ko ka ci bashi don ka cike sauran kuɗin tafiyar alhali kuɗin makaranta na jiranka a Satumba. Kuɗin da ya riga ya fita ba shi da ikon yanke maka hukunci a kan iyalinka.

Magidanci ana gane shi ne ta yadda yake tsare abin da aka ba shi amana, kuma dukiyar gidanka da yardar 'ya'yanka duka amana ne a wuyanka. Ka yi shiri da wuri, ka biya a makare, ka yi alkawari bayan ka tabbatar. Allah ya yi maka buɗi na halal, ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.