Wa Ya Yanka, Wa Ya Dafa? Cin Abincin Indiya a Southall

Wanda ya hau jirgin ƙasa a tashar Paddington da ke tsakiyar Landan ya nufi yamma, kafin minti 20 zai sauka a Southall, wani gari na gefen birni kusa da filin jirgin sama na Heathrow. Allon tashar ma kansa da harshe biyu aka rubuta shi, Turanci da haruffan Gurmukhi na mutanen Punjab. Da ya doshi babban titin da ake kira Broadway, ƙamshin albasa da citta da kurkum ne zai fara tarbarsa. A bakin wani shago ga mai jalebi tsaye gaban ƙaton kasko, yana matso ƙullu daga cikin ƙyalle yana murɗa shi zobe-zobe a kan tafasasshen mai, in ya soyu ya kwashe ya tsoma a ruwan sukari, ya miƙa wa mai saye da zafinsa. Can ciki kuma wani na manna burodin naan a bangon tanderu da tafin hannu.

Sai dai kafin baƙo ya zaɓi inda zai zauna, gilasan shagunan za su yi masa tambayar da ta wuce ta ɗanɗano. Wannan gida ya rubuta halal da manyan baƙi. Na kusa da shi ya sanar cewa nama ko kifi ko ƙwai ba su taɓa shiga tukunyarsa ba. Can gaba wani mahauci ya kafa allo cewa namansa jhatka ne. Titi ɗaya, maƙwabta, yawancinsu harshe ɗaya suke ji, amma kowa da iyakar abin da zai kai bakinsa. Shin dokar abinci a addini an yi ta ne don ta raba mutum da wani abu, ko don ta raba shi da wani mutum?

Tarihin garin ne ya tara su. Tun cikin shekarun 1950 mutanen Punjab suka fara sauka a Southall don aikin masana'antu, musamman wata masana'antar roba ta R. Woolf, daga baya kuma aikin Heathrow. Wasu sun zo daga gabashin Afirka, adadinsu ya ƙaru bayan Idi Amin ya kori 'yan Asiya daga Yuganda a 1972. Da yawa daga cikin na farkon sun ga rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 da idonsu, lokacin da aka tsaga Punjab biyu, miliyoyi suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu. Ga shi ƙaddara ta sake zaunar da Musulminsu da Hindu da mabiya addinin Sikh a gari ɗaya a ƙasar Ingila, masallacin Abubakar a kan Broadway, wurin bautar Ram a King Street. Asalinsu na Punjab ya sa girkin Southall ya bambanta da na yawancin gidajen abincin da ake kira na Indiya a Birtaniya, waɗanda akasari Musulmin Sylhet na Bangladesh ke riƙe da su.

A kan nama saɓanin ya fi tsanani. Musulmi yana son dabbar da aka yanka a maƙogwaro, aka ambaci sunan Allah, jini ya zuba. Ƙa'idar rayuwar mabiya Sikh, wadda suke kira Rehat Maryada, ta hana wanda ya ɗauki alƙawarin addinin cin naman da aka yanka ta hanyar Musulmi, wanda suke kira kutha. Masu cin nama a cikinsu jhatka suke nema, wato a sare kan dabba da sara guda. Abin da ya halatta nama ga wannan shi ne ya haramta shi ga wancan, kuma babu wata dabarar girki da za ta daidaita su. Kaza ɗaya ba za ta zama halal ta kuma zama jhatka ba.

Ko tsakanin Musulmi kalmar halal ba ta kashe magana ba. Dokar Birtaniya ta ce a sumar da dabba kafin yanka, amma ta yi wa Musulmi da Yahudawa rangwame. Daga nan hukumomin ba da shaida suka rabu: Halal Food Authority tana karɓar sumarwar da ba ta kashe dabba ba, Halal Monitoring Committee kuma ba ta yarda da sumarwa ko kaɗan. Shi ya sa za a ga magidanci ya tsaya yana duba tambarin da ke manne a ƙofa kafin ya ce wa iyalinsa su shiga.

A gidajen da ba a dafa nama kuwa, wata irin tsantseni ce ke mulki. Hindu da yawa ba sa kusantar naman saniya, wasu sun bar nama gaba ɗaya, wasu masu ibada har albasa da tafarnuwa suke ƙaurace wa, sai su sa wani ƙaro mai ƙarfin wari da ake kira hing a madadinsu. Mabiya addinin Jain sun fi kowa nisa. Tushen addininsu shi ne ahimsa, kada a cutar da kowane mai rai. Don haka masu riƙo a cikinsu ba sa cin dankalin turawa ko albasa ko duk abin da sai an tumɓuke shi daga ƙasa, domin tumɓukewar tana kashe shukar da ƙananan halittun da ke jikinta. Wasu ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana, gudun kada ƙwaro ya faɗa ciki ba a gani ba. Mutum zai iya ƙin yarda da aƙidar, amma da wuya ya raina wanda ya ɗora wa kansa irin wannan nauyi sau uku a rana har ƙarshen rayuwarsa.

To Musulmin da ya tsaya a ƙofar irin wannan gida, mai shi Hindu ne, ga hoton abin bautarsa da furanni a kan kanta, ya shiga ko ya wuce?

Amsar ta daɗe a cikin littafin da ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamai daga Kano har Damagaram. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, malamin Malikiyya da ya rasu a shekarar 996, ya bambanta abu biyu game da Majusawa, waɗanda ba Ahlul Kitabi ba ne: yankansu ba a ci, amma abincinsu da ba ya buƙatar yanka bai haramta ba. Malamai sun yi ƙiyasin sauran waɗanda ba Ahlul Kitabi ba a kan wannan. Ayoyin haramci a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida sun lissafa mushe da jini da naman alade da abin da aka yanka don wanin Allah, ba su lissafa wake da alayyafo saboda addinin mai dafa su ba. Hatta batun tukwane, hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa in ba a samu wasu ba, a wanke na mutanen a ci a ciki. Abin da ake gudu shi ne alade da giya da suka taɓa kwanon, kuma ruwa yana gusar da su.

Wannan ya kai ga wani sakamako da baƙo ba ya zato. Sau da yawa gidan Hindu mai tsananin riƙo, inda ba nama ba giya, ya fi kwanciyar hankali ga Musulmi a kan wani gidan da ya rubuta halal a ƙofa alhali kwalaben barasa na jere a bayan kanta. Farantin dosa, wato faifan ƙullun shinkafa da wake da aka soya siriri aka naɗe dankali a ciki, ko miyar alayyafo da cukun paneer, babu abin tambaya a cikinsu sai ɗanɗano. Inda ake taka tsantsan shi ne prasad, abincin da aka fara miƙa wa abin bauta sannan aka raba, wanda malamai da yawa ke umartar Musulmi ya bari.

Akwai wata dokar abinci ta daban da ƙasar Indiya ta daɗe tana fama da ita, wadda ba ruwanta da abin da ke cikin tukunya, hannun da ya taɓa ta take dubawa. A tsarin ɗabaƙu na gado, wanda aka haifa a sama ba ya cin girkin wanda aka haifa a ƙasa, ba ya shan ruwa a kofinsa. Kafin 1947, a tashoshin jirgin ƙasa, masu raba ruwa kan yi shela daban-daban, ruwan Hindu a nan, ruwan Musulmi a can. A 1927 sai da Dakta B. R. Ambedkar ya ja zugar mutanen da ake kira waɗanda ba a taɓawa zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad don kawai su sha ruwan da doka ta riga ta ce na kowa ne, aka kuma far musu da duka. A nan ne bambancin ya fito fili. Dokar da ta ce kada ka ci alade nauyi ne da mai ita ya ɗauka a kansa, shi ne zai kwana da yunwa in bai samu wani abu ba. Dokar da ta ce kada ka ci daga hannun wane kuwa, wanen aka ɗora wa nauyin, shi ne zai koma gida da wulaƙanci. Ta farko ibada ce, ta biyu girman kai ne da aka yi wa rawani, kuma bai kamata a bar su su fake a bayan suna ɗaya ba.

Mafi ƙarfin martani ga wannan girman kai yana nan a Southall, a babban wurin ibadar Sikh na Sri Guru Singh Sabha da aka buɗe a 2003, ɗaya daga cikin mafiya girma a wajen Indiya. Mai shiga zai cire takalmi, ya wanke hannu, ya rufe kansa, akwai ɗan-kwali a kwando ga wanda bai zo da nasa ba. A zauren langar, inda ake ciyar da kowa kyauta, zai ɗauki tiren ƙarfe mai gurabe, ya zauna a ƙasa cikin sahu. Masu hidima, waɗanda ba a biyansu ko sisi, suna bi da bokiti da ludayi suna zuba dal, wato miyar ƙananan wake, da miyar kayan lambu, da kunun shinkafa da madara. Mai rabon roti in ya iso, hannu biyu ake buɗe masa, ya sauke burodin a ciki. Ba a tambayar suna, ba a tambayar addini, ba a karɓar kuɗi. A madafa tsofaffin mata na murza ƙullu, direban bas da likita na wanke tire kafaɗa da kafaɗa.

Guru Nanak, jagoran Sikh na farko, wanda aka haifa a 1469, shi ya kafa wannan al'ada a Kartarpur, Guru Amar Das, jagoransu na uku, kuma ya mai da ita sharaɗi: duk mai son ganinsa sai ya fara zama a sahu ya ci. Mabiyansa suna ba da labarin cewa har Sarki Akbar na daular Mughal ya zauna a ƙasa ya ci a Goindwal. Abin lura shi ne ba a sa nama a langar, ko da yake mabiya Sikh da yawa suna cin nama a gidajensu. Sun ajiye abin da ya halatta gare su don kada a samu baƙon da zai tsaya a ƙofa saboda addininsa. Ba su ce wa Hindu ya sassauta ba, ba su ce wa Musulmi ya kau da kai ba, su ne suka sauko zuwa abincin da kowa zai iya ci da zuciya ɗaya. Ana yi wa girkin addu'a irin tasu, saboda haka akwai Musulmin da ke ƙauracewa, akwai masu ci, kuma babu mai tsare kowa a kan hakan.

Titin da ginin yake a kai yana da nasa darasin. Da sunan Henry Havelock aka san shi, janar ɗin Ingila da ya yaƙi boren Indiya na 1857. Abin da ya kunna wutar wannan bore shi ne labarin cewa an shafa wa harsasan sabuwar bindigar Enfield kitsen saniya da na alade, kuma sai soja ya ciji takardar da haƙori kafin ya ɗura. Hukumar da ta ɗauki abin da ke shiga bakin mutane da wasa ta haɗa Hindu da Musulmi a kanta a lokaci guda. Daga baya ƙaramar hukumar Ealing ta sauya wa wannan sashe na titin suna zuwa na Guru Nanak.

Duk da haka, cin abinci tare bai gama aikin ba. Ambedkar kansa ya yi gargaɗi a 1936 cewa zama a ci tare ba zai rusa ɗabaƙu ba muddin ba a aurar wa juna. Southall ta gaskata shi: mabiya Ravidas da mabiya Valmiki, waɗanda kakanninsu ke ƙasan tsarin, suna da nasu wuraren ibada daban a garin, kuma in maganar aure ta taso, iyalai da yawa har yanzu suna bincikar asali. Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga wannan, domin an san gidajen da za su ci tsiren mahauci da daɗi su hana ɗansa auren 'yarsu. Langar ta karya rabin katangar ne, kuma rabin da ta karya ya cancanci yabo.

Ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya fito daga ƙasar Hausa ya samu kansa a Landan, in ya je Southall, ya yi tambayarsa ba tare da kunya ba: wa ya yanka naman, wace hukuma ta ba da shaida, ana sa giya a miya, da man da aka soya nama ake soya samosa? Masu gidajen sun saba da irin waɗannan tambayoyi, su ma haka suke yi a shagon wani. In amsa ba ta gamsar da shi ba, ya nemi wake da roti, ya yi bismillah, ya gode wa wanda ya dafa, ko Musulmi ne ko Hindu ko Sikh.