Na'urar da Ake Iya Ajiyewa Idan Ladan Ya Kira

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da yashi har ya ƙera abin da ke lissafi yana zana hoto. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, dalilin wannan rubutu tambaya ce da ɗan ƙanena ya yi mini. Ya dawo hutu Garki daga jami'ar da ke Dutse, riƙe da wata na'ura ta aro mai faɗin allon ƙaramin almajiri, da maɓallai dama da hagu. Ya durƙusa a zaure bayan la'asar, ya ce, "Baffa, ina tara kuɗi. Tsakanin wannan da 'yan'uwanta, wacce zan saya?" Bakina ya so ya ce kada ya sayi ko ɗaya. Sai na tuna ƙa'idar malaman usulu, cewa ba a yanke hukunci kan abin da ba a fahimta ba. Na karɓa, na kwana uku ina juya ta ina tambaya.

Ka sani, ya kai mai karatu, waɗannan cikakkun kwamfutoci ne da aka matse su su shiga tafin hannu biyu. Wadda ya kawo ita ce Steam Deck ta kamfanin Valve na Amurka, da ta fito a Fabrairun 2022, mafi araharta a lokacin dala 399. A 2023 ASUS ya fitar da ROG Ally, Lenovo ya biyo da Legion Go, kowacce wajen dala 700. Ally ta fi Deck ƙarfin inji da kaifin hoto, amma da batir iri ɗaya take ciyar da wannan ƙarfi, shi ya sa wasa mai nauyi kan shanye cajinta kafin awa biyu. Sai a 2024 aka ninka batirin a Ally X. Ita kuwa Legion Go, fuskarta inci 8.8 ce, nauyinta ya haura giram 800. Hannu kan gaji kafin ido ya ƙoshi.

Masu gwada su a Turai suna zaune ne cikin sanyi, wuta ba ta ƙiftawa. Mu ma'auninmu dabam ne. Valve da kansa ya bayyana cewa na'urarsa ta fi jin daɗin aiki idan zafin wuri bai wuce digiri 35 ba, alhali bazarar Garki kan kai 40 tun kafin azahar. Da inji ya ɗau zafi sai ya rage gudu, fankarsa ta hau kuka, a hunturu kuma ta zuƙi ƙura. Ga caji, wanda sau da yawa sai an kai shagon mai sola. Ga data, tunda wasu wasannin sun haura gigabait 100. Idan kuma ta lalace, sai tafiya Farm Centre a Kano, da fatan a dace da mai gyaran da ya taɓa buɗe irinta. A wannan ma'auni Deck ce gaba, musamman samfurin OLED na ƙarshen 2023, don ta fi tattalin wuta.

Sai dai akwai ƙashi a wuyanta. Manhajarta SteamOS ce, wadda aka gina kan Linux, kuma wasan ƙwallo na kamfanin EA da samarinmu suka fi ƙauna ba ya tashi a kanta, saboda tsaron hana maguɗi da aka ɗaura masa. Haka wasan Fortnite. Mai neman waɗannan sai Ally ko Legion, masu aiki da Windows.

A nan ne hankalina ya tsaya. Deck tana da maɓalli guda da idan ka danna, wasan zai yi barci a daidai inda yake, ka dawo ka tashe shi. Na'urorin Windows ba su kai ta amana a wannan ba. Wasan da ake bugawa da abokin hamayya ta intanet kuwa ba ya barci sam: in ka tashi, an ci ka. Wannan ya tuna mini cewa magabata sun yi saɓani kan wasan shaɗaranji. Risalar Ibnu Abi Zaid, da muke karantawa a zaurukanmu, ta hana shi, Imam Shafi'i kuma ya tsaya ga karhanci matuƙar babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Ko mai sassaucin bai sassauta kan lokacin salla ba. Mun kuwa sha ganin dattawa a gindin darbejiya, dara ta riƙe su har an tayar da iƙama.

Bayan kwana ukun na ce wa ɗan ƙanen nawa, "Ɗana, idan kuɗin makarantarka ya cika, mahaifiyarka ba ta da buƙata, sayi Deck, ka haƙura da ƙwallon." Ya ɓata fuska, ya ce ai don ƙwallon yake tarin. Muna cikin haka ladan ya ɗaga murya na magariba. Ya danna maɓallin, fuskar ta yi baƙi, ya ajiye ta kan buzuna, ya ɗauko mini buta.