Naci: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Tseren kwale-kwale na mita 200 yana cikin wasannin da suka fi saurin ƙarewa. Mutum ɗaya ne a cikin siririn jirgi, riƙe da filafili mai baki biyu, yana sarar ruwa dama da hagu. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, Lisa Carrington 'yar ƙasar New Zealand ta gama wannan tsere cikin ƙasa da daƙiƙa 40. Kafin mai kallo ya gyara zama, an ba da zinare. Shi ne karo na uku a jere da ta ci wannan tsere, bayan Landan a 2012 da Rio a 2016. A Faris a 2024 ta ƙara zinare uku, suka cika takwas.

Daƙiƙoƙin nan kowa ya gan su a talabijin. Shekaru huɗu na sammako, da tuƙi cikin sanyi, da ciwon kafaɗa, da maimaita sara ɗaya har hannu ya haddace shi, su ne ba a haskawa. Wannan hali shi ake kira naci: mutum ya kama abu mai kyau ya ƙi saki, ko da yabo ko babu.

Kafin Carrington an yi Birgit Fischer ta Jamus. Ta ci zinarenta na farko a Mosko a 1980 tana 'yar shekara 18. A 1984 ƙasarta, Jamus ta Gabas, ta ƙaurace wa gasar, damar ta wuce ta ba da laifinta ba. Ba ta jingine filafili ba. Ta dawo a 1988, ta haifi 'ya'ya, ta ci gaba da tuƙi, har ta ci zinare na takwas a 2004 tana da shekara 42, tana fafatawa da sa'o'in 'ya'yanta.

Mu a unguwar Nima ta Ghana ba mu da kogin tsere, amma muna da namu shaidar. Mohammed Kudus a nan aka haife shi a 2000, a nan ya fara taka leda da ƙungiyar Strong Tower. Tun yana yaro ya bar gida ya tafi makarantar Right to Dream, inda karatu da horo suke tafiya tare. A 2018 ya wuce Nordsjælland ta Denmark, a 2020 Ajax ta Holan ta saye shi. A wasansa na farko a gasar Zakarun Turai, da Liverpool, ya ji rauni a gwiwa cikin mintunan farko, ya yi doguwar jinya. Da mai raunin zuciya ne, da labarin ya tsaya nan. Bayan shekara biyu, a gasar cin Kofin Duniya a Katar, ya zura ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu, Ghana ta ci 3 da 2, Nima da maƙwabciyarta Maamobi suka ɗauki sowa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ƙannenmu suke karanta wannan labari. A majalisar ataya ana lissafa kuɗin da West Ham ta biya don sayen Kudus a 2023 da wanda Tottenham ta biya a 2025, ba a lissafa safiyoyin da ya tashi atisaye sa'o'insa suna barci. Yaro zai je filin Kawukudi wata biyu, in ba a ɗauke shi zuwa Turai ba sai ya ce ba shi da uwa a gindin murhu. Wani a kai shi koyon ɗinki ko kanikanci, kafin ya iya riƙe almakashi ko sifana ya gudu, wai maigida ya cika faɗa. Daga nan sai caca a waya, sai damfarar intanet da ake kira sakawa, sai neman kuɗin dare ɗaya da ba ya barin albarka. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Naci ba baƙon hali ba ne a Zango. Kakanninmu sun yi fataucin goro a ƙasa, wata da watanni, tsakanin Kano da Salaga. Iyayenmu mata masu sayar da waakye da tuwo suna hura wuta kafin kiran assalatu, shekara da shekaru, da ribar suke biyan kuɗin makaranta. Almajiri ba ya sauke Alƙur'ani sai ya wanke allo ya sake rubutu ba adadi. Addininmu ma ya koya mana cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Gaskiya ne ba duk mai naci ne zai zama Kudus ko Carrington ba, rabo na Allah ne. Amma wanda ya lizimci sana'a ɗaya shekara goma ba ya tashi hannu rabbana: zai fita da gwaninta, da mutunci, da abin ciyar da iyali.

Don haka, samarin Nima da Maamobi, ku zaɓi abu ɗaya na halal ku riƙe shi da kyau. Iyaye da malamai, ku riƙa yaba wa yaron da ba ya fashi kamar yadda kuke yaba wa wanda ya zo na ɗaya. Allah ya ba mu juriya, ya sa albarka a guminmu.