Yaɓen da damina ke wankewa

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba a gama gini. Magini zai kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta jiƙa sosai, ya jera tubali, ya ɗora azara, ya shafe rufi da laso, ya kafa indararo, a sallame shi ya kwashe kayansa. Sai ruwan Agusta ya sauko. Kafin kaka katanga ta zaizaye daga gindi, zanko ɗaya ya gutsure, ɗaki ya fara yoyo ta inda ba a zata ba. Da rani ya kama sai a sake kiran magini, ko maigida da 'ya'yansa su naɗe wando su shiga kwaɓi da ƙafa. An yi bara, an yi bana, baɗi ma ba makawa.

A Wusasa, bakin Zariya, akwai majami'ar Saint Bartholomew da aka gina da ƙasa, irin ginin Hausawa, a wajajen 1929, lokacin da mishan ɗin CMS ta baro cikin birni ta koma can. In ana labarin Wusasa, sunayen da ake kamawa sanannu ne: Dokta Walter Miller, wanda ya yi ɗawainiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932, da Dokta Dikko, da Janar Yakubu Gowon da ya taso a garin. To amma sunan manya ba ya riƙe ginin ƙasa shekara kusan ɗari. Masu riƙe shi su ne wanda ya toshe tsaga tun ƙadangare bai sami wurin shiga ba, da wanda ya hau soro ya buɗe indararo kafin ruwan fari, da matar da ta ga hanyar gara ta kankare. Waɗannan ba a sa sunansu a allo.

Yawancin aikin da muke yi kullum yaɓe ne. Uwa ta wanke kwanuka da safe, kafin azahar sun sake taruwa. Manomi ya gama noman fari, bai huta ba ciyawa ta kira shi maimai. Malamar aji ɗaya ta koyar da baƙaƙe da wasula, shekara ta zagayo aka kawo mata sababbin yara da ba su san ko ɗaya ba. Nauyin aiki ba shi ne ke karya zuciya ba, don mutanenmu sun iya ɗaukar nauyi. Abin da ke karya ta shi ne ganin abin da ka gama jiya ya warware yau, har ka fara zargin ko aikin baban giwa kake yi.

Mu Kirista masu jin Hausa mun ƙara wa wannan ciwo gishiri da bakinmu. Saurayi ya tafi makarantar tauhidi a Kagoro ko Bukuru, sai mu ce ya amsa kira, ya shiga aikin Ubangiji. Ƙanwarsa ta koyi ɗinki ta buɗe shago, sai mu ce ta sami abin yi. Ba na rage wa fasto komai. Aikinsa mai nauyi ne, albashinsa kuma sau da yawa abin kunya ne ga ikilisiya. Amma in aikin Ubangiji na mai wa'azi ne kaɗai, kwana shida na makon sauran jama'a aikin wa suke yi?

Wannan rabo ba daga Littafi Mai Tsarki muka samo shi ba. A babi na 2 na littafin Farawa, an sa Adamu a gonar Aidan ya nome ta, ya kuma lura da ita, tun zunubi bai shigo ba. Ƙaya da sarƙaƙiya da gumin goshi sai a babi na 3 suka zo. Faɗuwar mutum wahala ta ƙara wa aiki, amma aikin ya girme ta. Kuma gona, ko ta Aidan ce, ba abin da ake gamawa a rufe ba ne. Lura da ita aikin kullum ne, shi ne kuwa aka danƙa wa mutumin farko.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rayuwar Yesu kansa. Luka ya ce yana da wajen shekara 30 ya fara hidimarsa a fili. Da ya koma garinsu yana koyarwa a majami'a, Markus ya nuna a babi na 6 cewa mutanen garin da sana'arsa suka san shi, masassaƙi, abin da ma ya sa suka raina shi ke nan. Wanda muka gaskata shi ne Mai Ceton duniya ya yi yawancin shekarunsa a wani ƙaramin gari na Galili yana fama da itace. Masassaƙin ƙauye kuwa kowa ya san aikinsa: ƙofar da ta saki, ƙotar da ta karye, mai kayan da zai ce a yi masa haƙuri sai bayan girbi. Daga cikin abin da hannunsa ya sassaƙa ko guntu bai rage ba, duk sun tsufa sun tafi yadda itace ke tafiya. In aikin da ke lalacewa ɓata lokaci ne, to sai mu ce Ɗan Allah ya ɓata ƙuruciyarsa, wannan kuwa ba Kiristan da zai iya furtawa. Bulus ma a Koranti zama ya yi da Akila da matarsa Bilkisu suna ɗinkin tanti.

Labarin Tabita ta Yafa, a babi na 9 na Ayyukan Manzanni, shi ya nuna inda amfanin yake. Da ta rasu aka kira Bitrus, gwauraye mata suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka. Riga tana kodewa, tana yagewa, wata rana ta zama tsumma. Amma a tsakanin ɗinki da yagewa akwai matar da ta rufa asirinta da ita, ta shiga jama'a ba kunya. Haka kwanon da aka wanke: zai sake ɓaci, amma yaro ya ci abinci mai tsabta yau. Aikin ba don ya dawwama aka yi shi ba, don mutumin da ke ɗaya gefensa aka yi shi. Ni a ganina nan ne farin ciki ke shigowa, sa'ad da ma'aikaci ya ɗaga kai daga abin da ke hannunsa ya ga fuskar wanda zai amfana, ya kuma tuna Ubangiji ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa.

Wannan ba ya nufin aikin zai yi daɗi. Akwai wani tsohon soja Bafaranshe, Nicolas Herman, da aka fi sani da Ɗan'uwa Lawrence, wanda ya shiga gidan sufaye a Paris aka tura shi madafa. Ba ya son girki, amma ya shekara 15 a bakin murhu, daga baya ya koma gyaran takalma, ya rasu a 1691. Abin da ya koya shi ne yin magana da Allah a tsakiyar hayaniyar tukwane, ba sai an kaɗa ƙararrawar addu'a ba. Iyayenmu na Zumuntar Mata da ke rera waƙar yabo a bakin turmi sun san wannan tun ba su ji sunansa ba.

Sai dai akwai masu ɗaukar wannan koyarwa su mai da ita bulala. Maigida ya riƙe kuɗin 'yar aiki wata uku, in ta yi magana ya ce ta yi haƙuri, ladanta na sama. Gaskiya ne Bulus ya gaya wa bayi a Kolosi su yi aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji suke yi, amma bai ajiye alƙalami ba sai da ya juyo kan iyayengiji, ya tuna musu su ma suna da Maigida a sama. Yaƙub kuma a babi na 5 ya ce haƙƙin masu girbi da aka danne kuka yake yi, kukan kuma ya kai kunnen Allah. Dokar hutun rana ta bakwai ma ta haɗa da bawa da baiwa da baƙo, har da dabba. Saboda haka dattijon ikilisiya da ke shirin kai buhun masara gaban bagade ranar godiyar kaka, ya fara duba ko yaran da suka yi masa girbi sun karɓi kuɗinsu, ya kuma bar yarinyar gidansa ta je sujada ranar Lahadi maimakon a bar ta da wanke-wanke.