Mai wa'azi zai iya koyar da faɗa?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san taikwando? Wasan faɗa ne da ƙafa da hannu, asalinsa ƙasar Koriya. A shekarar 1972 aka buɗe babban gidan koyonsa a birnin Seul, sunansa Kukkiwon. Da wannan wasa ne ɗan ƙasarmu Abdoul Razak Alfaga ya ciyo lambar azurfa a Riyo a 2016.

Akwai Kiristocin Koriya da ke ƙwarewa a wasan, sannan su tafi wasu ƙasashe. Can suna koya wa yara shuri da kare kai, suna kuma yi musu wa'azi. To, ga tambaya. Linjila ta hana wanda aka mara ya rama. Yaya mai wannan imani zai koya wa yaro duka?

Ka yi tunani. In rago ya ƙi ramawa, ba mu sani ba, haƙuri ne ko tsoro. Amma wanda zai iya kada kai ƙasa, ya riƙe hannunsa, ga shi ne ake ganin haƙuri a fili. Wasan kansa yana koyar da haka: ɗalibi sai ya rusuna wa abokin karawarsa kafin a fara.

Saboda haka ga ɗalibi ake auna malamin. In yaro ya koma gida yana zaluntar ƙannensa, wa'azin bai shiga ba. In an tsokane shi a kasuwa ya wuce, alhali yana iya ramawa, malamin ya yi aikinsa.