Gidan Wa Muke Ziyarta?

Matafiyin da ya taso daga Hardawa ya yada zango a Kafin Madaki ba ya rasa jin sunan Muhammadu Durugu, Babban Gwani, maginin Gidan Madaki. Mukan ɗaga kai mu dubi bakan gizo da azara, mu yi ta sambarka. To, amma wa ya kwaɓa ƙasar? Wa ya mulmula tubalin? Ba ma tambaya. A kudancin Amurka ma an daɗe ana gyara gidajen masu gonakin auduga domin baƙi, bukkokin bayi kuwa suna zubewa a baya. Mu da kakanninmu suka san rinji, yaɓen da muke yi wa tsohon gida adana tarihi ne, ko kuwa lulluɓe shi?