Yadda Bulus Ya Yi Jawabi a Atina

'Yan'uwa cikin Almasihu, da yawa daga cikinmu akan ba mu magana, ko ran Lahadi, ko a taron Zumuntar Mata, ko wa'azin kasuwa. Wani yakan tashi ba shiri, ya yi ta kewaye-kewaye, har jama'a su watse ba su riƙe kome ba. Wannan babbar hasara ce, gama wataƙila cikin taron akwai wanda ba za ya sake jin bishara ba. Bari mu koya daga Manzo Bulus cikin Ayyukan Manzanni sura 17.

Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Ubangijinmu, Bulus ya iso Atina, birnin masu-ilimi na Helenawa. Kafin a kai shi Tudun Arasa ya riga ya zaga birnin, ya duba wuraren ibadarsu, yana kuwa zance da mutane a kasuwa kowace rana. Mai-wa'azi sai ya fara sanin waɗanda za su ji shi.

Sa'anda ya tashi tsaye, bai fara da zagi ba, ko da yake gumakansu sun ɓata masa rai. Ya fara da wani bagadi nasu, wanda suka keɓe wa allahn da ba su sani ba. A majami'ar Yahudawa yakan kawo Attaura da annabawa, amma a nan ya kawo mawaƙan Helenawa, domin su ne mutanen suka sani.

Daga nan ya bi hanya guda ɗaya, taki-taki: Allah ne Mahalicci, ba ya zama a ɗakin da hannu ya gina, yana kiran kowa ya tuba, ya kuma sa ranar shari'a ta wurin Wanda ya tashe daga matattu. Karanta jawabin da ƙarfi, za ka ga bai kai minti 3 ba.

Waɗansu suka yi ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙo, amma Diyonisiyas da Damaris da waɗansu suka ba da gaskiya.

Saboda haka, kafin Lahadi mu yi addu'a, mu tuna da masu-jinmu, mu zaɓi magana ɗaya, mu jera ta a takarda. Mu ɗaga murya har tsohuwar da ke bayan ɗaki ta ji. Kadan mun gama, mu zauna. Shiri namu ne, amfanin kuwa Allah ne mai-bayarwa.